Cincin a Jakar Turkiyya

Hajiya Habibatu Jalo shekararta sittin da takwas, tsohuwar ungozoma ce a Ƙofar Wambai. Abin da take tarawa ba a cika faɗar sunansa gaban maza ba: 'yan jakunkunan takarda da ake ajiyewa a banɗakin otal don mace ta ƙunshe audugar al'ada kafin ta yar. Sababbi fil take tarawa.

A Madina ta fara ganin irinsu, shekarar da ta sauke farali. Ta tsufa tana ganin 'yan mata na ɓoye ƙunzugu kamar kayan sata, sai ga inda aka yi wa abin jaka har da ado. Ta taho da ɗaya. Daga nan matan Kasuwar Muda Lawal masu fita saro kaya suka riƙa kawo mata, ta Dubai, ta Misira, ta Sin, da ta Turkiyya mai jan fure, wadda ta fi so. Akwati ya cika.

Ranar sunan jikarta ledar rabon cincin ta ƙare. Ƙanwarta Bintu, da ta zo daga Miri, ta buɗe akwatin tana neman zani, ta ga mafita. Ta ɗura cincin da dubulan a jakunkunan, ta rabe wa baƙi tas.

Dorcas, tsohuwar abokiyar aikin Hajiya, ita ta karanta rubutun jikin jakar da aka ba ta. Ta daina tauna.

"Habiba, kin san a cikin me nake ci?"

Hajiya ta dubi tsakar gida. Kowace mace da jaka a cinya, har uwar mijin 'yarta. Ba ta san ta zauna a kan turmi ba.

"Yaya, ai masu kyau ne, har da fure," in ji Bintu.

"Furen gidanku," in ji Hajiya.

Da Dorcas ta yi bayani, masu tofarwa suka tofar, masu salati suka ɗauka. Hajiya ba kunyar ce ta dame ta ba, jakunkunanta take so. Ta bi gida-gida tana roƙo. Wasu sun ƙone nasu, wasu suka ƙi amsa sallama.

Juma'ar da ta wuce uwar mijin 'yarta ta miƙo mata ta Turkiyya da yatsa biyu, duk ta sha mai. Hajiya ta goge ta da dutsen guga, ta mayar akwati, ta sa kwaɗo.