Itatuwan da na kwantar wa Madam Halima

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da wasiƙa ta zo daga ƙasar Finlan cewa Madam Helmi ta rasu. Mu a masaƙar Gusau Halima muke ce mata. Kada mai karatu ya wahala wajen neman wawan labarin nan, ni ne.

Aikinta zana adon atamfa. Ni kuwa, da ilimina na aji huɗu da biro uku a aljihu, aka naɗa ni tafintanta. Mace ce mai shiru. Sai ta wuni kan takarda tana jan layi, ba ta da abokin hira sai ni, ni ɗin ma rabin maganarta kai kawai nake gyaɗawa.

Wata rana ta zana dogayen itatuwa farare masu ɗigon baƙi, ta ce irinsu ne a bayan gidan mahaifiyarta. Ta tambaye ni yadda matanmu ke sa atamfa. Na ji kunyar in ce ban taɓa lura ba, sai na gyara murya na ce, "Daga sama zuwa ƙasa, Madam, kamar labule." Ashe tsawon atamfa ƙugu yake zagayawa. Aka buga turmi bisa turmi, mata suka ɗaura, itatuwa duk suka kwanta kamar guguwa ta bi ta kansu.

Manaja ya kira mu. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta mayar da ni noman gero a Bungudu. Ta dube ni, ta ce kuskurenta ne. Da wa'adin aikinta ya cika ba a sabunta mata ba. Ni na ɗaukar mata akwati zuwa tasha, laifina a ɓoye.

Yanzu injinan sun yi shiru, abokan aikina an kai yawancinsu makwanci. Idan na ratsa kasuwa na ga atamfar waje, nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin juya ta za ta yi, ta duba inda ado ya haɗu, ta ajiye. Ba wanda zan yi wannan hirar da shi.

Turmi guda na ajiye, na rataya shi a ƙofar ɗakina, inda itatuwan ke tsaye yadda ta so. Makon jiya na kasa riƙewa, na gaya wa matata Hajiya Kulu, mutuniyar Tsafe, gaskiyar abin. Na ƙara da cewa ko ba komai, ni kaɗai na rage mai tuna baiwar Allah nan.

Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Malam, da itatuwan nan a kwance na goyi ɗiyanka shida, muna sa mata albarka don launinsu ba shi zuba. Mu muka ci moriyarta har suka tsufa. Kai dai sau biyu kana mai da aikinta labule."