Doreen Mai Duba Labule

Kullum da safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Doreen Illingworth takan bi ta gaban gidajenmu cikin jar rigar sanyinta. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Taga kawai take kallo. In labule a buɗe yake, mai gida ya kwana lafiya. In a rufe yake, sai ta ciro makulli.

Dokar Amos Garsdale ce, mai kamfanin biskit da kakana ya yi wa aiki, ni ma na yi wa jikokinsa. Ɗan ɗariƙar Kweka ne, Kiristoci masu ibada cikin shiru. Da ya ga ma'aikatansa suna tsufa suna ƙarewa a wulaƙance, ya kafa gidauniya, ya gina waɗannan gidaje. Ya ce kada a tambayi tsoho ko yana bukatar taimako, don zai ce a'a ko yana mutuwa. A duba labulensa. Kamfani ya rufe tuntuni. Dokar ta rayu saboda Doreen, ma'aikaciyar gidauniyar.

Ita ta tsinci maƙwabcina Wilf Sugden a ƙasa, ƙugu a karye. Ina bakin ƙofa na ji shi yana cewa, "Wa ya kira ki, uwar shisshigi?"

Ta ce, "Labulenka, tsohon banza. Kwanta ka yi mini shiru."

Ranar da matata Edna ta rasu, hannuna ya ƙi taɓa labule. Doreen ta shigo, ta dube ta, ta dube ni. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta haɗa shayi, ta zauna tare da ni har ya huce. Sannan ta tashi ta buɗe labulen da kanta.

Watan jiya gwiwoyinta suka gaza, ta ajiye aiki. Gidauniya ba ta ɗauki kowa a madadinta ba. An raba mana wani maɓalli na ratayawa a wuya, wai in ka faɗi ka danna a kawo maka ɗauki. Wilf ya jefa nasa a aljihun tebur. Irinmu ba ma dannawa. Garsdale ya san haka tun ba a haife mu ba.

Doreen, ke ce idon layinmu. Kin ga tsiraicin tsufanmu, ba ki taɓa kai shi kasuwa ba. Ban iya daɗin baki ba. Mun gode.

Yanzu ita kaɗai ce a gidanta can ƙarshen layi, ba mai duba ta. Sai na ɗauki sandata, na fara zuwa duba labulenta. Shekaranjiya ta leƙo ta ce, "Arnold, me kake nema a tagar mace?"

Na ce, "Na zo in ga ko kin mutu."

Ta ce, "Sai na binne ka."

Ku masu sauran ƙafa, kowa yana da maƙwabci, maƙwabci kuma yana da taga. Ku riƙa ɗaga ido.

Yau da safe labulenta a buɗe yake.