Tsohon zanen da matata ke ɗorawa a kan babur ɗina

Jiya a bakin kasuwar unguwar Agoè-Assiyéyé, matata ta sake ninke tsohon zane ta ɗora a bayan babur kafin ta hau. Raina ya ɓaci.

Babur ɗin babba ne, na doguwar tafiya, ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Da na gaji da ɗage a danja, na sa wani a Zongo ya rage soson kujerar. Ƙafata ta taka ƙasa, na dinga fankama.

Na ce, "Haba Maman Hafsa, wannan tsumman zubar min da aji yake yi."

Ta ce, "Baban Hafsa, ba wajenka kaɗai aka yanke ba, har nawa. Duk ramin da ka faɗa, a ƙuguna yake ƙarewa. Na ga kana murna ne, na yi shiru."

Na danna wurin da hannu, tauri kamar katako. Wallahi har gida ban iya kallonta ta madubi ba.

Yau an mayar mata da sosonta. Masu manyan babura, yaushe rabonku da tambayar wadda ke bayanku?