Haƙorin da Saloma ke Gwada Dawa da Shi

A Rikoto ba mai zuba dawa a rumbu sai Saloma ta ciza. Aikinta ke nan tun tana amarya: ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗora a haƙorin gaba. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotse, a mayar da ita rana. Gajeruwar mace ce mai fara dariya tun ba a kai ƙarshen labari ba, kuma rumbun da ta yarda da shi bai taɓa ruɓewa ba. Har daga Dabai ake aiko mata da dawa a ƙullin tsumma.

A kakar 1977 wata 'yar tsakuwa ta laɓe cikin dawa, ta raba haƙorin biyu. Saloma ta koma magana da gefen zane a baki. Ba zafin ne ya dame ta ba. Mutane ne suka fara kai dawarsu wurin maƙwabciyarta Hannah, wadda, Allah na gani, ko gyaɗa ba ta sanin ta bushe.

Ɗanta Kefas, kofur a soja, ya kai ta Kaduna. Likitan haƙori ya kwaɓa wani farin ƙullu, sabon yayi, ya gina rabin da ya tafi, ya goge shi tas. Ya ce yana da ƙarfi, amma ban da ƙashi, ban da rake. Bai ce ban da dawa ba, ita kuma ta yi wayo ba ta tambaya ba.

Ta dawo tana yi wa kowa murmushi, har awaki.

"Haƙorin Kaduna na ado ne," in ji mijinta Dodo. "Ki bar ma Hannah aikin ga."

"Mi ka sani, kai da haƙora huɗu sunka rage ma?" in ji Saloma.

Ranar kasuwar Zuru ta tsaya gaban buhun farko, ta ɗauki ƙwaya ta ciza. Ƙwayar ta lotse, ɗanya ce. Ta biyu ma haka. Sai dariya ta kama ta: ga haƙori, babu abin gwada shi. Ta bi layin 'yan hatsi tana ciza tana ƙyalƙyalawa, mata na biye da ita kamar rakiyar amarya. A buhu na tara aka ji ƙas.

Ta tofar a tafin hannu, ga ɓarɓashi fari fat. Cikin dawa fari ne, haƙori ma fari ne. Tsoro ya hana ta kai harshe wurin. Wadda ke kusa da ita Hannah ce, sai ta buɗe mata baki.

"Duba mani, maƙwabciya."

Hannah ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Yana nan daram," ta ce, tana kwance wani ƙulli daga bakin zanenta. "Don Allah ki ciza mani wagga. Rumbu shida na ce a zuba, ni kuwa ban san komi ba."