Karcen da Kawu Ya Gano a Hasumiyar Fitila

Mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini, domin an ɗan jima, kuma rabin tafiyar da muka yi a ruwa, kaina na cikin leda ina amai.

Mu a unguwarmu ta Harra ta Gabas baƙaƙen duwatsu muka sani, ba teku ba. Amma kawuna ya daɗe yana cewa mahaifinsa, da ya ƙetaro teku daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin zuwa hajji, jirginsu ya tsaya a wani tsibiri mai hasumiyar fitila kusa da garin Yanbu, har ya karta alama a bango da wuƙa. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta ce ƙirƙira ce, tunda kowace shekara tsibirin ƙara girma yake. Da na gama jami'a sai aka ɗora mini raba gardamar.

Iya abin da na gano, jiragen Sawakin Jidda suka fi nufa, ba Yanbu ba. Na gaya wa Kawu haka, amma "wataƙila" ta yi yawa a maganar, har ya ɗauka na gaskata shi. Washegari ya samo mota.

Da hantsi kwalekwale ya sauke mu a tsibirin. Inna ta zauna a gindin hasumiyar saboda gwiwa, ta ce ni ne idonta. Mai gadin, wani tsohon masunci, ya nuna mana fitilar da ake kunna wa jirage a da, da katon gilashin da ke watsa haskenta. Kawu bai kalli ko ɗaya ba, bango yake ta shafawa. A hawa na biyu ya tsaya kan wani karce mai tsawon yatsa, ya fara salati.

Mai gadi ya ce a hankali, tsanin ƙarfe ne ya yi shi bara, lokacin fenti. Kawu kunnensa ya yi nauyi.

"Me ya ce, ɗana?"

Na ga hawaye a gemunsa.

"Ya ce ƙarfe ne ya yi shi, Kawu."

"Wuƙar ke nan."

A ƙasa Inna ta tambaye ni. Na ce karce dai akwai, sauran kuwa sai an ƙara bincike. Ta daɗe tana kallona, ta ce Allah ya sa digirin ya yi amfani a wani wurin. Sannan ta zuba wa Kawu gahawa, ta zaɓar masa dabino mai laushi.

Duk wanda ya san tsibirin nan, ko ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko mini da gyara. Ni kaɗai, ba ta hannun Kawu ba.