Bugu Ɗaya da Na Ɓoye wa Malam Isiyaku

Da safiyar nan ina karyawa waya ta shigo daga Bungudu: Malam Isiyaku ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne ogana a ofis a Gusau, shekarun farko bayan an ba mu jiha. Shi ya koya min golf, wasan da nake yi wa dariya da cewa na masu ƙoshi ne. Tsofaffin sandunansa ya ba ni kyauta. Duk Asabar sai ya biyo unguwarmu Damba ya ɗauke ni mu je filin wasan.

Da Innata ta kwanta ciwo a Tsafe, da kansa ya tuƙa ni.

Akwai wani kududdufi a filin. Doka ita ce, in ƙwallonka ta faɗa ciki, ko ka buga ta a inda take, ko ka fito da ita a ƙara maka bugu ɗaya. A golf kuwa mai ƙarancin bugu ke cin wasa. Da rani yakan ƙafe ƙaf, mu kuwa sai mu ce ai ba ruwa, ba doka. Malam ya ce, "Ko ya ƙahe, kududduhi sunanshi kududduhi."

Ranar wata gasa ƙwallona ta maƙale a tsagewar busasshiyar lakar. Na waiga, na tura ta da ƙafa, ban ƙara komai ba. Da bugu ɗaya na doke shi na ɗauki kofi. Shi ya fara rungume ni.

Shekara da shekaru abin nan yana ci na, kunya ta hana ni buɗe baki.

Watan jiya na je duba shi. Ya rame sosai. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce ya yafe min.

Ya yi dariya har da tari. "Tun rannan na gane ka. Jira nike ka hwaɗi da bakinka. To ƙara bugun, mun yi kunnen doki ke nan. In na samu sauƙi mu koma mu raba gardama."

Ba mu koma ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa min nawa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.