Wayar da Mai Gyaran Rediyo Ya Haɗa Mana

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da na farfaɗo da tsohuwar kwamfutar ofishinmu ba za ta fita raina ba.

Lokacin ban daɗe da kama aiki ba a wata ƙaramar cibiyar adana tsofaffin littattafai kusa da Ƙofar Marusa. Kwamfutar irin mai tsarin Unix ce, kuma cikinta ne aka zuba hotunan rubuce-rubucen kakan wani dattijon malami. Bayan an ɗauki hotunan, ruwan sama ya rusa ɗakin da ainihin takardun suke. Wato abin da ya rage masa ke nan. Rannan da safe muka kunna, fankar cikinta na juyawa, allo baƙi ƙirin. Muka canja allo, shiru. Ga Malam ɗin ya zo, yana zaune a kan benci.

"Ɗiyata, sun tafi ke nan?" ya tambaye ni.

Na ce, "A'a Malam, a yi mini haƙuri zuwa la'asar." Wallahi ban san abin da na taka na faɗi haka ba.

Wata abokiyar aikina, dattijuwa 'yar Filato, ita ta nuna mini wata kafa mai ƙananan tsinke tara a bayan na'urar. Ta ce sunanta siriyal, kuma idan allo ya mutu, ta nan ake magana da kwamfutar. Na zagaye Babbar Kasuwa na samo waya, amma ba ta yi ba, sai an musanya silin aikawa da na karɓa. Wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Kwaya ya farke ta, ya liƙe da dalma, yana ta yi mini dariya wai me zan yi da kayan da aka daina yayi.

Na dawo da sauri, na jona kwamfutar da laftof ɗina ta wayar. Muka zare madannin rubutun tsohuwar kwamfutar don ta karkata bayananta ta wayar, na kunna. Sai ga wasu haruffa birkitattu suna zuba. Har na yi tsalle, don ko ba komai tana da rai.

"Gudun na'urorin biyu ne bai zo ɗaya ba," in ji abokiyar aikina. "Mayar da shi dubu tara da ɗari shida."

Ina mayarwa rubutu ya daidaita, ta nemi suna da kalmar sirri. Na shiga, na saita ta yadda kullum za ta riƙa amsawa ta wannan kafa, sannan na fara kwashe hotunan. Da shafin farko ya buɗe, Malam ya matso ya gyara tabarau, ya karanta layi biyu a bayyane.

"Rubutun hannun kakana ne," ya ce. "Allah shi yi maki albarka."

Tun daga ranar na daina saurin cewa abu ya mutu. Nakan fara tambayar waɗanda suka riga ni saninsa ko akwai wata hanyar da za a bi.